Ƙafar Jariri Ba Ta Jiran Ruwa Ya Janye

  Masu saurare daga cikin garin Haɗejiya, da na Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kirikasamma, Birniwa, Malam Madori da Kaugama, da 'yan uwa da karatu ko neman na kai ya kai Kano, Abuja ko Legas, duk ina gaishe ku. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan saboda masu lallaɓa data.

Yau na ajiye maganar taki da ta jinga a gefe. Maganar ƙashin yara zan yi. Kuma tun kafin wani ya rigaye ni a wajen sharhi, eh, ni ba likita ba ne, digirina ma ko kusa da asibiti bai bi ba. Abin da zan faɗa na koye shi ne a kan bencin jira, da bakin likitocin da na dama da tambaya, da ɗan karatun da na yi bayan abin ya faɗo cikin gidanmu.

A watan Satumban 2022 Yayata ta haihu. Duk wanda ke yankin nan ya san abin da ake ciki a lokacin. Ruwa ya cinye gonaki, ya yanke hanyoyi, matasan Haɗejiya suna kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Ƙauyen da take aure sai da kwale-kwale ake shigarsa. A gida ta haihu, a hannun ungozoma, ta samu 'ya mace. Ranar suna da aka miƙo min jaririyar, sai na lura an naɗe ta da zani har biyu duk da zafin da ake yi. Da na ɗan buɗe sai na ga ƙafafun. Duka biyun sun murɗe sun kalli juna, tafin ƙafar ya juya ciki, diddigen ya ɗage sama, 'yan yatsun suna kallon ƙasa.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Rufe kar mutane su gani. Inna ta ce kwanciyar ciki ce, idan ana gasa mata da ruwan zafi za ta miƙe kafin arba'in."

Wata tsohuwa kuma cewa ta yi ai Yaya ce ta riƙa zuwa bakin kogi da almuru tana da ciki. Kun san irin maganar. Ni kuma, mai digiri, wanda ya gama bautar ƙasa, mai hawa Facebook yana yi wa gwamnati faɗa, na ja bakina na yi shiru, na ci tuwon suna na hau kwale-kwale na dawo. Wallahi har yau abin yana ci min rai.

Arba'in ta zo ta wuce, ƙafa tana nan yadda take. Da ruwa ya janye aka kai ta wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya duba ta ya ce a bari ta yi wayo tukuna, sai a yi mata aiki. Wannan magana ita ta ƙara cinye mana wata biyu. Sai da wata abokiyar karatuna da ke aikin jinya ta ga hoton a wayata, ta ce, "Kai, me kuke jira? Wannan tun satin farko ake farawa. Ku tafi Dala." Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano take nufi, wanda aka buɗe tun 1959.

To bari in tsaya nan in yi bayanin abin, don na san a cikin masu saurare akwai wanda a gidansu ake ɓoye irin wannan ƙafar a cikin zani.

A asibiti za ku ji suna ce mata kulabfut. Kusan jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da ita a duniya, maza sun fi mata yawa, kuma kusan rabinsu ƙafa biyun ne. Babu laifin uwa a ciki, babu na kogi. Jijiyoyin da ke ta cikin ƙafar da bayanta ne suka ɗaure suka janyo ta. Idan aka bar yaro haka zai tashi yana taka gefen ƙafa, wani ma bayanta, wurin ya yi kanta, ya riƙa tsagewa, takalmi ba ya shiga. Ku tuna mutanen da kuke gani a tasha ko bakin kasuwa suna tafiya a haka. Da yawansu abin da ya raba su da tafiya daidai bai wuce 'yan makonni na magani a jarirantaka ba.

Maganin da duniya ta yarda da shi yanzu sunan wani likita ya ci, Ignacio Ponseti, ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a jami'ar Iowa ta Amurka. An haife shi a 1914, ya rasu a 2009, kuma ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka mayar ranar tunawa da masu wannan lalura. Abin da ya lura da shi shi ne ƙafar jariri yawancinta guringuntsi ce, jijiyoyinta kuma suna miƙuwa idan aka bi su a hankali. Saboda haka maimakon a fasa ƙafa da wuƙa, likita zai riƙe ta da hannu ya ɗan juya ta kaɗan, sai a sa siminti daga yatsu har cinya ya riƙe ta a wurin. Bayan mako guda a cire, a ƙara juyawa kaɗan, a sa sabo. Haka za a yi ta yi kamar sau biyar zuwa takwas. Yawancin yara a ƙarshe sai an ɗan tsaga agarar da ke bayan diddige don ƙafar ta sauko, aikin 'yan mintoci ne, a sa simintin ƙarshe na mako uku, agarar ta haɗe da kanta. Idan aka bi ƙa'ida, fiye da yara 90 cikin 100 ƙafarsu tana gyaruwa, su sa takalmi, su yi gudu, su buga ƙwallo.

A baki abin da sauƙi ko? To ku lissafa. Kowane mako sai ka tashi daga ƙauye ka shigo Haɗejiya, ka hau mota ka yi tafiyar wajen awa uku zuwa Kano da jaririya a cinya, ƙafa biyu cikin siminti, ka dawo. Mu a watan Fabrairun 2023 muka fara, tana da wata biyar, daidai lokacin canjin kuɗi. Kuɗinka na banki, direba ya ce shi tsaba yake so. Akwai ranar da sai da mijin Yaya ya kai buhun shinkafa kasuwa ya karyar da shi don a samu na mota. Sau bakwai muka je. Ranar da aka cire simintin ƙarshe Yaya ta riƙe ƙafafun nan tana juya su tana kuka, ni ma dai na fita waje na ce ƙura ce ta shigar min ido.

Sai kuskure na biyu, kuma wannan namu ne mu kaɗai.

Bayan siminti ana ba yaro wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, suna riƙe ƙafafun suna kallon waje. Wata ukun farko awa 23 a rana yake sanye da su, wanka kawai ake cirewa. Daga nan sai lokacin barci, dare da rana, har ya kai shekara huɗu ko biyar. An gaya mana, an maimaita mana. Amma zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan kun san shi. Yarinya tana kuka, goyo ya gagara saboda ƙarfen, surukar Yaya tana cewa, "Wannan azaba har ina? Ƙafa ta miƙe, me kuma ake nema? Kun sa wa jaririya mari kamar mai laifi." Aka fara cirewa da rana. Aka koma cirewa da dare. Sai takalmin ya koma kan ƙusa a jikin bango. Ga shi a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, ranar komawa asibiti ta wuce ba a je ba. Kafin damina ta ƙare ƙafar hagu ta fara komawa ciki.

Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, siminti gyara yake yi, takalmin ne yake tsare gyaran." Aka sake siminti uku. Tun daga ranar na zama ɗan sandan takalmi, kullum bayan isha'i sai na kira na ce, "Yaya, an sa?" Har ta gaji ta fara turo min hoto tun kafin in kira.

Wanda nasa yaron ya riga ya fara tafiya a kan murɗaɗɗiyar ƙafa, kar ya ce shi kenan. A bencin nan na ga 'yan shekara uku da huɗu ana yi musu siminti. Ya fi daɗewa, wani sai an haɗa da aiki, amma ana yi.

Yanzu wani zai ce, to kenan duk abin da tsofaffi suka faɗa ƙarya ne? A'a. Maganar "zai miƙe da kansa" tana da inda take gaskiya, shi ya sa ma take da ƙarfi. Yawancin yara idan suka fara tafiya ƙafarsu tana ɗan yin baka, kafin shekara biyu ta daidaita. Wajen shekara uku zuwa huɗu kuma sai gwiwoyin su ɗan haɗe kamar gwame, zuwa shekara bakwai ya wuce. Wannan girma ne, ba ya son magani, ba ya son ɗauri. Kakanninmu sun ga irinsa ɗari sun ga ya miƙe, sai suka ɗauka kowace ƙafa haka take. Inda za ka damu shi ne idan ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, ko abin yana ƙaruwa bayan shekara biyu zuwa uku, ko yaron ya tsumbure, ya makara bai yi tafiya ba, wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙarinsa ya yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, yana kukan ciwon ƙafa. Wannan laushin ƙashi ne, riket a bakin likitoci.

Akwai abin da ya ba ni mamaki a nan. A littattafan Turawa rashin hasken rana ne babban dalilin riket, saboda da rana jiki ke haɗa bitamin D. To mu rana ce ta yi mana kaɗan? Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran Najeriya masu riket, sinadarin kalsiyam ne ya fi yi musu ƙaranci a abinci, kuma da aka ba su shi ƙashin ya warke fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yaro an yaye shi, daga kunu sai tuwo, daga tuwo sai kunu, ba nono ba madara. Daga baya masu binciken nan har garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa suka gwada, ya yi aiki. Kifi fa! Mu da motoci ke lodin banda daga kasuwar kifin Haɗejiya zuwa kudu. Mu da Fulani ke shigo mana da nono kullum safiya, ga kuka ga zogale a bayan gida. Ƙananan kifin nan da ake rainawa, a busar a daka da ƙayar lukui a zuba a miyar yaro. Amma wanda ƙafarsa ta riga ta lanƙwashe, a kai shi a auna shi a rubuta masa magani, miya kaɗai ba za ta ɗauke shi ba.

Sai maganar da na san za ta jawo min zagi, maganar ɗori.

Ina aji huɗu na firamare abokina ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa da hannu, ya karye dab da gwiwar hannu. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka jera karare aka ɗaure tam. Daren nan bai yi barci ba, ihu yake yi, ana ce masa ya yi haƙuri ƙashi ne ke haɗuwa. Kwana uku yatsun suka kumbura suka yi baƙi, suka fara ɗurar ruwa. Da aka kwance, wari. A asibiti aka yanke hannun daga dantse. Abin da garin ya ɗauka shi ne, "an kai shi asibiti sun yanke masa hannu." Yanzu haka yana nan, magidanci ne, da hannu ɗaya yake daddatsa itace.

Ni ban zo in ci mutuncin masu ɗori ba. Suna kusa da mu, ba sa cewa sai ka biya kafin su taɓa ka, wasu gadon kaka da kakanni ne, kuma gaskiya ƙashin yaro yana saurin haɗewa, shi ya sa da yawa ake warkewa a hannunsu. Matsalar ita ce hannu ba ya ganin cikin tsoka. Karayar da ke dab da gwiwar hannu, wadda take yawan samun yara idan sun faɗo daga bishiya, amalanke ko babur, a wurin babbar hanyar jini da jijiyoyin yatsu suke bi ta jikin ƙashin. Wurin da ya karye dole ya kumbura. Idan ka ɗaure shi tam, kumburin ba shi da wajen zuwa, sai ya matse hanyar jini, kuma tsokar da ta rasa jini cikin awa shida zuwa takwas take fara mutuwa. Awa fa na ce, ba kwana ba. Saboda haka ko ɗori ne ko simintin asibiti ne, idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, idan ka miƙar da yatsun yaro ya ƙwalla ƙara, idan sun yi sanyi, sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne. Kar a jira mai ɗori ya dawo daga gona. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ke kusa da gaɓa, wannan tun farko ta hoto ce. Kusa da gaɓa nan ne inda ƙashin yaro yake tsiro, idan ya haɗe a karkace hannun ko ƙafar na iya tashi a gajarce.

Ɗaya kuma da ba a cika ganewa ba, yaro da zazzaɓi ya ƙi taka ƙafa, ko jariri ya daina motsa ƙafa ɗaya, ka taɓa ya yi ihu, alhali bai faɗi ba. Mu nan kowane zazzaɓi maleriya ne, barin ma da damina, sai a wuce kemis a karɓo allura. Wani lokacin ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi ko gaɓar ƙugu ta tara mugunya, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye gaɓar, yaro ya tashi da ɗingishin da ba ya warkewa. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗarin, ga shi ana saurin cewa ai ciwonsu ne ya tashi. Idan kuma ƙafa ce ta saki lokaci guda ta zama laɓo-laɓo a yaron da bai kai shekara 15 ba, a sanar da asibiti mafi kusa a ɗauki bayan gidansa a gwada. An tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma ba a daina sa ido ba, riga-kafi ma ba a daina ba.

To me nake nema a wajenku?

Na farko dai ido. Ku 'yan mata da ke zuwa barka da suna, ku kuke ɗaukar jariran nan kafin kowa. Ku buɗe zani ku duba ƙafa. Idan kun ga ta murɗe ku ja uwar gefe, ba a gaban dangin miji ba, ku ce mata ana gyarawa kuma yanzu ne lokacin. Ku samari, kar ku yi irin shirun da na yi don kar a ce kun yi wa manya rashin kunya. Ana iya durƙusawa a ce, "Baba, a yi haƙuri, a bari mu kai shi a ɗauki hoto tukuna."

Sai kuɗin mota. Abin da na gani da idona shi ne ba simintin ne ke korar mutane ba, hanyar ce. Ƙungiyoyinmu na unguwa da na tsofaffin ɗalibai muna tara kuɗin gasar ƙwallo da na walimar sallah. Iyali ɗaya da za a ɗauke wa kuɗin zuwa Kano na wata biyu, an canza wa yaro rayuwa gaba ɗaya. Wanda ke da ɗaki a Kano ya ba su wurin kwana.

Na ƙarshe na hukuma ne. Wannan magani ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, hannu ne da aka horar, da auduga, da filasta, da takalmi. A ƙasashe irin su Malawi da Uganda ma'aikatan lafiya da ba manyan likitoci ba aka koya wa, suke yi a asibitocin gundumomi. Masarautar Haɗejiya ƙananan hukumomi takwas ce. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta Jigawa da wakilanmu a majalisar Dutse, a tabbatar akwai rana guda tsayayya kowane mako da uwa daga Guri ko Birniwa za ta kawo jaririnta nan Haɗejiya a yi masa siminti ta koma gida a ranar, da takalman a ajiye, a kuma sanar a rediyo kowa ya sani. A koya wa ungozomomi da masu riga-kafi su riƙa duba ƙafa. Musamman a yi tunanin watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke rufe ƙauyuka, don yaran da aka haifa a lokacin su ne ke makara. Wannan zan rubuta shi a takarda, wanda ke son sa hannu ya yi min magana ta akwatin saƙo.

Masu tambayar yarinyar, tana nan ta cika shekara uku. Da sallar da ta wuce da takalmin kanti ta zo gaishe ni, irin mai ƙyalli ɗin nan, ta bi 'yan awaki da gudu har ta faɗi ta tashi. Ƙafar hagun ta ɗan fi ta daman ƙanƙanta, ƙwaurin ma ya fi siranta, likita ya ce haka za ta zauna kuma ba zai hana ta komai ba. Har yanzu da ƙarfen take kwana, saura shekara ɗaya ko biyu. Wata mai zuwa za mu koma a canza mata takalmin, wannan ya matse ta.

Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.